Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Editoci Da Shugabannin Kafafen Yaɗa Labarai Na Hausa: Ina Rabon Kimiyya A Shirye-shiryenku?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mai rubuto muku tsohon malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, wanda ya ajiye alli amma bai ajiye rediyo ba. Da muryoyinku nake karya kumallo, da su nake kwana, kuma jaridunku na intanet su nake fara buɗewa idan na ɗauki waya. Saboda haka ƙorafin da zan yi na cikin gida ne, irin wanda ake yi wa ɗan'uwa a zaure bayan baƙi sun watse.

A watan Mayun 2023 aka wallafa sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. An yi shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya 'yar gida ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Matsalar da aka tunkara babu gidan da bai san ta ba: zubar jini bayan haihuwa. Abin da aka saba shi ne ma'aikaciyar jinya ta dubi zane da gado ta ƙiyasta jinin da ido, ido kuwa yana rage lissafi, sai an farga mai jego ta riga ta galabaita. Masu binciken suka kawo wata leda mai aljihu da alamun awo da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin ya taru a ciki a gan shi ƙarara. Da ya kai ma'auni, wajen rabin lita, sai a haɗa mata matakan ceto gaba ɗaya a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin da ke taimaka wa jini ya daskare, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Ba a gwada ɗaya a zauna jiran sakamako kafin a gwada na biyu. Da wannan kaɗai, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Leda ce fa, da tsari. Babu wata na'ura ta miliyoyi a ciki.

Kwanakin baya a wajen wani suna na kawo wannan zance. A cikin waɗanda ke wurin akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa, akwai wanda ya rasa matarsa ta wannan hanyar. Ko mutum ɗaya bai taɓa jin labarin ba. Amma da aka juya hira zuwa wanda ya sauya sheƙa daga wannan jam'iyya zuwa waccan, da ɗan wasan da aka saya a Turai da kuɗin da aka biya, kowa ya zama malami. Ban ga laifinsu ba. Abin da aka ɗora musu a faranti shi suka ci. Na san wasunku sun kawo labarin a lokacin, ban musa ba, sai dai minti biyu a ƙarshen labaran duniya ba ya zama a kan kowa. Da an maimaita shi yadda ake maimaita rikicin siyasa, da yau miji zai shiga ɗakin haihuwa na garinsu ya tambaya ko suna da ledar awon jini, kuma da ɗan majalisar yankin ya san akwai tambayar da ke jiran sa.

Wannan shi ne rabin ƙorafina, wato shiru. Ɗaya rabin ya fi damuna, shi ne yadda labarin ke zuwa idan ya zo.

A ƙarshen 2023 hukumomin magunguna na Birtaniya, sannan na Amurka, suka amince da wani magani na amosanin jini mai suna Casgevy. Nan take saƙonni suka cika wayoyi cewa an gano maganin sikila. Na ga iyayen da suka yi ta murna, kuma ina da dalilin tausaya musu, domin babu ƙasar da ake haifar masu wannan lalura da yawa kamar Najeriya. Abin da ba a gaya musu ba shi ne yadda maganin yake. Ba ƙwaya ba ce da za a saya a kemis. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a kai su ɗakin gwaji a yi musu gyara da fasahar CRISPR, wadda take kamar almakashi ce mai yanka daidai wurin da aka nufa a cikin rubutun gado na halitta. Gyaran yana sa jiki ya koma ƙera irin sinadarin jinin da jariri ke da shi tun yana ciki, wanda ba ya sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe su zama kamar lauje, irin yadda suke yi a jikin mai sikila. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba majinyaci magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a share tsohon ɓargo, ya yi makonni a asibiti, kuma hakan na iya shafar haihuwarsa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Babban ci gaba ne, matan nan biyu da suka samar da fasahar, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, sun karɓi kyautar Nobel a 2020 saboda ita. Amma uwar da ke jinyar ɗanta a Gusau ko Damagaram, me wannan kanun labari ya ba ta ban da buri?

Alhali kuwa akwai binciken da ya shafe ta kai tsaye, kuma a Kano aka yi shi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi shekaru suna nazarin yadda za a kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro da wata na'ura mai aiki da sauti, ba tare da tsaga ko allura ba. Wanda aka ga yana cikin haɗari sai a ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, tsohon magani mai sauƙin kuɗi da ake haɗiya kullum. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Wanne ya kamata ya fi samun fili a gidan rediyon Hausa, na dala miliyan biyu ko wannan?

Haka abin yake da lissafi. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na R21 a watan Oktoban 2023, wanda Jami'ar Oxford ta samar kuma wani kamfani a Indiya ke haɗawa, an ta faɗin cewa ingancinsa ya kai kashi 75 cikin 100. Mutane da dama sun ɗauka ma'anarsa ita ce yaro 75 cikin 100 sun rabu da zazzaɓi har abada. Ba haka ba ne. Ma'anar ita ce a gwajin da aka yi wa yara wajen 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, a wuraren da zazzaɓin ke zuwa da damina kamar namu, yawan kamuwa ya ragu da kashi uku cikin huɗu a cikin shekara guda idan aka kwatanta da yaran da ba a yi wa ba. Allurar sau huɗu ake yi, ƙarfinta na raguwa da tafiyar lokaci, kuma ba ta ɗauke wa kowa kwana a gidan sauro ba. An fara yin ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. To idan ba ku bayyana wannan ba, ranar da yaron da aka yi wa allura ya kwanta da zazzaɓi, me uwarsa za ta faɗa wa maƙwabta? Za ta ce ƙarya ce, kuma maganarta ta fi taku tafiya a unguwa.

Ba sai na tuna muku dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabon da har yau bai goge ba, kuma yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙafa lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a 2003. Sai a watan Agustan 2020 aka iya ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Mutanen da suka ga wannan ba za a lallashe su da kirari ba. Abin da ke gina yarda shi ne a faɗa musu amfanin abu, a faɗa musu iyakarsa, a faɗa musu wanda ya biya kuɗin binciken.

Ga misali daga Nijar. An yi wani babban gwaji a can, aka riƙa raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitiromaisin sau biyu a shekara, ko suna ciwo ko ba sa yi. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kusan kashi 14 cikin 100. Wannan rayuka ne masu yawa. Amma su kansu masu binciken suna sa ido a kan wani abu: yawan amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta yana koya wa ƙwayoyin yadda za su bijire masa. Idan aka kawo rabin farko aka bar na biyu, gobe wani zai tsaya a kemis ya saya wa 'ya'yansa da kansa yana ganin riga-kafi yake yi.

Sai kuma wata ɗabi'a da ba ku kaɗai ke da ita ba, har manyan kafafen Turai na yi: a yi shelar haihuwa, a ƙi yin shelar rasuwa. A watan Yulin 2023 wasu masana a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani sinadari, LK-99, da wutar lantarki ke ratsawa ba tare da asara ba a yanayin zafi na ɗaki. Duniya ta ɗauka. Cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suka maimaita aikin, abin bai tabbata ba. A watan Afrilun 2025 aka ce an hango alamar rai a wata duniya mai nisa da ake kira K2-18b, alhali abin da aka gani wata 'yar alama ce ta iskar gas, wadda wasu masanan da suka sake duba bayanan suka ce ba ta kai hujja ba. Ko nasarar da aka samu a Kaliforniya a watan Disambar 2022, inda aka haɗe ƙwayoyin zarra irin yadda rana ke yi har makamashin da ya fito ya zarce wanda hasken leza ya kai musu, gaskiya ce, amma wutar da na'urorin suka sha daga layi ta ninka abin da aka samu kusan sau ɗari. Ba gobe za a kawo mana wuta da ita ba. Ni da na koyar da ɗalibai shekaru, abin da na fi wahalar cusa musu shi ne cewa masani ya ce "mun yi kuskure" ba abin kunya ba ne, aikin kenan. Idan kuka riƙa komawa kan labarin da kuka bayar kuna cewa ga yadda ya ƙare, za ku koyar da wannan darasi fiye da yadda na iya a aji.

Kada ku ce mai sauraronku manomi ne, babu ruwansa da waɗannan. Manomin nan shi ya fi kowa gwaji: yana ware kunya biyu ya zuba sabon iri ya ga yadda zai yi kafin ya ba shi gona. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya aka samar da irin waken SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019, mai jure tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, har feshin da ake yi sau shida zuwa takwas ya dawo wajen sau biyu. An yi wa irin gyara ne a rubutun gadonsa na halitta, kuma akwai masu adawa da irin wannan gyara, wasu da tambayoyi masu ma'ana game da wanda zai mallaki iri, wasu da tatsuniya zalla. Manomi yana da haƙƙin ya ji ɓangarorin biyu a zaune, da mai tambayar da ya san abin da yake tambaya. Abin da yake samu yanzu saƙon murya ne a WhatsApp daga wanda bai taɓa riƙe fartanya ba.

Akwai ma binciken da ke wanke manomin namu daga zargi. Shekara da shekaru ana ba da labarin Sahel kamar wurin da hamada ke cinyewa, mutanensa na sare itatuwa. A 2020 wasu masana suka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da ƙirƙirarriyar basira suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel, suka samu fiye da biliyan 1.8, adadin da ya wuce duk zato. A Maraɗi da Damagaram kuwa, manoma da kansu, ta hanyar sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a rene shi maimakon a tumɓuke, sun dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar. Duk wanda ya ga yadda gero ke yi a ƙarƙashin gawo ya san abin da ake nufi. Ban ce babu matsala ba. Shekarar 2024 ita ce ta farko da zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu, kuma a watan Afrilunta garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, a ƙarshen azumi. Masanan da suka yi nazarin wannan zafi sun ce da ba don ɗumamar yanayi da ɗan'adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Labaran biyu duk gaskiya ne, kuma duk namu ne.

Na bar sararin sama a ƙarshe don na san shi za a fara cewa ba shi da amfani. A watan Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas. Awo ya nuna daga duniyar Mars ya fito, kuma shi ne mafi girman yankinta da aka taɓa samu a doron ƙasa. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Labarin kuɗin ya zagaya. Amma yaron da ya ji zai tambaya: ta yaya dutse zai baro wata duniya ya faɗo Agadas, kuma ta yaya aka gane? Amsar tana da daɗin ji. Wani babban dutse ne ya daki Mars da ƙarfin da ya watsa ɓaraguzanta sama, suka yi ta yawo har ɗaya ya faɗo mana. Ana ganewa ne da sinadaran da ke jikinsa, domin a cikin wasu duwatsu irinsa an samu iskar da ta maƙale wadda ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a Mars bayan saukarsu a 1976. Yaron da aka ba wannan amsa da harshen uwarsa, wa ya san inda zai tsaya? A ajina na ga yadda tambaya ɗaya irin wannan ke mayar da ɗan bayan aji ɗan gaba.

Na san uzurin da za ku kawo, kuma ba na raina shi. Babu kuɗi, masu talla sun fi son siyasa, ma'aikaci ɗaya ke yin aikin mutum uku, sannan ga wuyar kalmomi. Na kalmomin shi ne na fi fahimta. Yau wannan gida ya ce ƙwayoyin halitta yana nufin abin da ake gada, gobe wancan ya faɗi kalmar yana nufin ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi jiki, jibi wani ya yi amfani da ita a kan ƙwayar cuta. Mai saurare ya rasa wacce ake nufi. Amma harshen da ya haifi tauraron ɗan'adam da jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa bai gaza ba. Kuma yawancin irin waɗannan kalmomi daga ɗakunan labarai irin naku suka bazu. Akwai masana harshe a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A zaunar da su da likitoci da injiniyoyi da ku masu fassara, a daidaita kalmomi ko da ɗari biyu ne, a sa su a intanet kowa ya ɗauka. Ba aikin da sai an jira gwamnati ba ne.

Roƙona bai da yawa. Kowane gida ya ware mutum ɗaya, ko da matashi ne da ya karanta kimiyya ya iya Hausa, a bar shi a kan wannan fanni ya ƙware, kada a tura shi taron siyasa da safe a ce ya fassara labarin ciwon daji da yamma. A ba shi rabin awa a mako a lokacin da mutane ke saurare, ba bayan sha ɗayan dare ba. Kafin ya karanta kowane sakamako ya tambayi abu uku: a kan mutane aka gwada ko a kan ɓeraye, mutum nawa, kuma wasu sun maimaita sun samu daidai? Sannan ya ɗaga waya ya kira masanin gida. Suna nan a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da yawansu sun gaji da yi wa junansu magana da Turanci da Faransanci a ɗakunan taro. Su ma ina da wasiƙar da zan rubuta musu, domin wanda ya ɗebi jinin 'ya'yanmu ya yi bincike, bashi ne a kansa ya dawo ya faɗa mana da Hausa abin da ya gano. Amma ko sun so dawowa, ƙofar a hannunku take.

Idan ana neman inda za a fara, ga shawara: a gayyato ungozoma ɗaya da likitar mata ɗaya, a kawo ledar nan ta awon jini cikin ɗakin shiri, a buɗe layin waya, a bar mata su yi tambaya.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya sa ku gama lafiya.

Naku mai saurare,
Tsohon malamin kimiyya, daga Zariya.